Daga Munich zuwa Berlin: Yaya ya bi sama, ni na bi ƙasa

Makullin motar ya kwana biyu a aljihuna kafin na iya gaya wa Yaya cewa ba zan bi jirgi tare da shi ba. Taro ne ya haɗa mu a Berlin ranar Juma'a da yamma, shi kuma tun makonni uku da suka wuce ya yanki tikitinsa. Wani abokina da aiki ya mayar da shi Berlin ya bar motarsa a Munich, yana neman wanda zai kai masa. Motar ba irin wadda na saba ba ce. Injinta mai silinda shida ne da turbo biyu, ƙarfin doki ɗari biyar da 'yan kai, kuma daga tsaye tana kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Ni kuwa tun ina yaro nake jin labarin otoban ɗin Jamus, hanyar da aka ce babu mai tsayar da kai saboda gudu.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko takarda. Ya ce, "Zauna mu yi lissafi, kada son mota ya rufe maka ido." Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 585 ne ta hanyar A9. Jirgi yana yin tafiyar cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Na ce, "Yaya, awa ɗayan nan ta cikin iska ce kawai. Ina minti arba'in na jirgin ƙasa zuwa filin jirgi? Ina layin bincike, da zaman jira, da jiran jaka, da shiga gari a can?" Muka tara komai, nasa ya tashi kusan awa biyar daga ƙofa zuwa ƙofa. Na ce da irin wannan mota zan iya yin awa huɗu da rabi. Ya dube ni ya ce, "Ba tsere nake yi da kai ba. Ka iso da ranka, shi kaɗai nake nema." Ƙarfe bakwai na safe na tayar da inji, shi yana ɗaure igiyar takalminsa.

Fitowa daga Munich babu wani abin a zo a gani. Na wuce filin ƙwallon Allianz Arena a gefen hanya ina bin sahun masu zuwa aiki, allunan lantarki da ke saman titi suna nuna 80, can su nuna 100. Motar da aka gina don gudu tana ta gurnani a ƙarƙashina kamar ingarman da aka ɗaure. Abu na farko da na lura da shi ke nan: ba ko'ina a otoban ake sakin mutum ba. Kusa da birane, da wuraren gyaran hanya, da gangaren duwatsu, duk akwai iyaka. Inda babu iyakar ma, hukuma ta ba da shawarar kada a wuce 130, kuma wanda ya wuce ya yi hatsari ana iya ɗora masa wani kaso na laifi ko da ba shi ya jawo ba.

Sai da na yi nisa da gari na ga farin allon nan mai zagaye da siraran baƙaƙen layuka a karkace. Ma'anarsa iyaka ta ƙare. Na duba madubi, na ba da sigina, na koma layin hagu, na taka totur. Bayana ya manne da kujera. Kafin na gama jan numfashi ɗaya maleji ya wuce 180, ya haura 200, ya je 230, injin kuma ko alamar gajiya bai nuna ba. Sitiyarin ya ƙara nauyi a hannuna, motar ta lafe da ƙasa. Zan faɗi gaskiya, daɗin da na ji a wannan minti biyun ban taɓa jin irinsa a kujerar jirgi ba, ko da lokacin da yake sheƙa gudu zai ɗaga. A jirgi ɗaukarka aka yi. A nan kuwa ƙafarka ce da idonka suke riƙe da komai.

Amma a gudun 230 mutum yana cin fiye da mita 60 a kowace daƙiƙa. Tirelar da na hango can nesa kamar akwatin ashana, kafin na ƙifta ido sau uku ta zama bango a gefena. Ido ya daina ganin gona da daji, ya koma kallon abu biyu kawai, fitilun bayan motocin da ke gaba da madubin tsakiya. Domin duk gudun da kake yi akwai wanda ya fi ka. Sau biyu wata mota ta bayyana a bayana ban san lokacin da ta zo ba, na kauce dama ta wuce. Abin da ke riƙe da hanyar shi ne ƙa'ida ɗaya da kusan kowa ke bi: ba a shan gaban mota ta dama, kuma wanda ya gama wucewa yana komawa layinsa.

Bayan Ingolstadt, garin da hedikwatar Audi take, layin dogo ya zo ya jera da titi. Ina kan 200 daidai sai na ga farin jirgin ƙasa na ICE ya taso daga bayana a ɗaya gefen shinge. Ya zo daidai da ni, na ɗan hango mutane ta taga, wani ya kifa kai a kan kwamfuta, wata tana barci, sannan ya zarce ya shige rami cikin dutse ya bar ni. A wannan layin, wanda aka buɗe a 2006, yana yin 300 a awa, kuma tun ƙarshen 2017 mafi saurinsa yana haɗa Munich da Berlin cikin kusan awa huɗu. Ni da Yaya mun yi ta gardama a kan hanyoyi biyu, ta ukun ga ta ta wuce ni ba tare da kowa a cikinta ya yi gumi ba.

Tun kafin Nuremberg allurar mai ta fara ba ni tsoro. Tankin lita 60 ne ko ƙasa da haka kaɗan. A 130 motar tana shan kusan lita goma a kilomita ɗari, amma da na riƙa zama sama da 200 sai kwamfutarta ta nuna fiye da ashirin. Ba laifin motar ba ne, iska ce. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don keta ta kuma sau takwas. Birki ma haka: nisan da za ka ci kafin ka tsaya daga 200 ya ninka na 100 sau huɗu. Na tsaya gidan mai kusa da Bayreuth, ina riƙe da bakin famfo ina lissafi a zuci. Kilomita ɗari a gudun 130 minti 46 ne. A gudun 200 minti 30. Ribar minti 16 ke nan, in har hanya a buɗe take fetal daga farko zuwa ƙarshe, abin da ban gani ba ko sau ɗaya. Tsayawar shan mai, da bin layin biya, da wanke fuska, ta cinye minti 18. Da na saki famfon na ga yatsuna suna ɗan rawa, kafaɗuna kuma sun ƙage kamar na yi dako.

Daga nan na sassauta ƙafa. Hanya ta fara hawa da sauka tsakanin tsaunuka masu dazuzzukan itatuwa dogaye, hazo na kwance a kwaruruka. Bayan Hof akwai wani gidan hutawar matafiya da aka gina shi kamar gada a kan titin, motoci na wucewa ta ƙarƙashinsa. Kaɗan gaba da shi sai gadar kogin Saale. A nan na fi daɗewa da tunani a duk tafiyar. A daidai wannan wuri, kogin ne iyakar Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas har zuwa 1990. An rusa gadar a 1945, ba a sake buɗe ta ba sai 1966. Mai zuwa Berlin ta Yamma, wadda Jamus ta Gabas ta kewaye, da mota a wancan zamani sai ya tsaya a shingen bincike, ya miƙa fasfo, ya bi hanyar da aka yarje masa ba tare da ya ratse ba, kuma kada ya wuce 100 a awa. Wanda yake tsoron kada hukumomin Gabas su kama shi, jirgi kaɗai ne mafitarsa, jiragen ma na Amurka da Ingila da Faransa ne kawai aka yarda su bi hanyoyin sama uku da aka ware zuwa birnin. Zaɓin da ni da Yaya muka yi a kan takarda muna dariya, ga wasu mutane batun 'yanci ne ko kurkuku. Na haye gadar cikin 'yan daƙiƙu babu wanda ya tambaye ni ko sunana. A daidai lokacin, bisa lissafina, jirgin Yaya yana shirin tashi, kuma zai ratsa saman wannan wuri bai san ya ratsa ba.

A wata doguwar gada cikin jihar Thuringia iska ta bugi gefen motar. Ina kan 190 ne. Ta ɗan goce kamar tafin hannu kafin na daidaita ta, gabana ya faɗi ras. Nan take na tuna da 28 ga Janairu 1938. A ranar direban tseren motoci Rudolf Caracciola ya kafa tarihin gudu, ya kai kilomita 432.7 a awa da motar Mercedes a otoban ɗin da ke tsakanin Frankfurt da Darmstadt. Bayan ɗan lokaci Bernd Rosemeyer ya fito da motar Auto Union don ya karɓe kambin, motar ta ƙwace masa, ya mutu a wurin, kuma iskar gefe aka fi ɗora wa alhakin. Gwani ne da babu irinsa a zamaninsa, hanyar kuma an rufe ta dominsa. Ni ga tireloli a dama, ga iyalai da yara a kujerar baya. Ban sake wuce 160 ba a ranar.

Kafin mahaɗar Schkeuditz da ke kusa da Leipzig, wadda aka buɗe tun 1936, komai ya tsaya cak. Fitilun gargaɗi suka kama walƙiya a gabana ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga wani abu da ya burge ni fiye da gudun: ba tare da ɗan sanda ko ɗaya ba, motocin layin hagu suka matsa hagu, sauran suka matsa dama, aka bar fili a tsakiya. Doka ce, kuma bayan minti biyar motar asibiti ta bi ta wannan filin da jiniya. Minti arba'in na yi a wurin. Kujerar da ta riƙe ni gam a lokacin gudu yanzu ta fara cin bayana, ƙafafun motar masu tauri kuma suna kawo mini kowane gaɓar kankare har cikin ƙugu. Ina nan zaune saƙon Yaya ya shigo: "Mun sauka lafiya. Kana ina?" Na rubuta masa, "Leipzig, Yaya. Gosulo." Ya ce, "Bi a hankali, ba a fara komai ba sai ƙarfe biyar."

Sauran hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Na haye kogin Elbe bayan Dessau, na bi ta dazuzzukan Brandenburg, na kama A115. Nan ma akwai tsohon shingen binciken Dreilinden, gine-ginensa na nan a gefe. Ƙarshen hanyar shi ne AVUS, miƙaƙƙen titin da aka buɗe a 1921 a matsayin filin tseren motoci. Tsohuwar rumfar 'yan kallo tana nan tsaye a bakin titi. Na wuce ta gabanta a bayan wata motar ɗaukar kaya, ƙasa da 100, gilashi a sauke, ina jin ƙarar injin tana dawowa daga bangon.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na kashe mota a ƙofar masauki. Awa shida da minti ashirin, wato matsakaicin gudun kilomita 92 a awa, da motar da aka ƙayyade mata 250. Yaya ya riga ni da fiye da awa guda, ya yi wanka, har ya ɗan runtsa. Ya fito ya zagaya motar, ya shafa gabanta inda ƙwari suka manne baƙi ƙirin, ya taɓa taya ya janye hannu saboda zafi. Ya ce, "To, ƙanena, ya hanya?" Na fara da allon mai layuka, na zo kan jirgin ƙasan, na daɗe a kan gadar Saale. Bai katse ni ba. Da na tambaye shi tasa tafiyar sai ya yi shiru kaɗan ya ce, "Gajimare. Na karanta shafi talatin."

A wurin taron shi ne ya yi magana da kai a sake, ni kuwa idona na ta yaji, titi na gudu a gabana duk lokacin da na lumshe. Idan akwai abin da zan yi a ranar da zan isa, ko tafiyar ta wuce abin da mutum ɗaya zai tuƙa da natsuwa, jirgi zan bi, ba na ko tantama. Amma ban yi da-na-sanin wannan karon ba, kuma in aka sake ba ni makulli da rana guda wadda babu mai jirana, zan karɓa, in tsaya a bakin Saale in sauka da ƙafata.

Ranar Lahadi na miƙa wa abokina makullinsa, muka kama hanyar sabon filin jirgin Berlin da aka buɗe a 2020. Na roƙi Yaya ya bar mini kujerar taga. Bayan kamar minti ashirin da tashi gajimare ya ɗan yage, na hango wani siririn zare mai launin toka yana ratsa daji, da ƙananan ɗigo-ɗigo a kansa kamar ba sa motsi. Na taɓa Yaya na ce ya leƙo. Kafin ya cire tabarau ya sunkuyo, gajimaren ya rufe.