Ƙarar da ke cikin kunnena, da muryata da na ba ɗan damfara aro

Shekara 19 na yi a tsaye kan injin niƙa a unguwar Zango, nan Damagaram. Duk wanda ya taɓa kawo gero ko masara ya san yadda ake magana a wurin: sai an ɗaga murya, an haɗa da hannu. Ban taɓa toshe kunnena ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in toshe. In na tashi aiki da yamma kunnuwan su yi ta ƴar ƙara, kafin asuba ta wuce. Wata shekara da hunturu sai ta ƙi wucewa. Yau shekara 6 ke nan tana nan, siririya kamar kukan gyare, ta fi ƙarfi a hagu, ba ta san dare ba, ba ta san ranar salla ba.

Ƙannena da ƴaƴana, na rubuta wannan ne saboda ku, domin salula a hannunku take, kuma ku ne iyaye ke ce wa "duba mini maganin kaza". Wasunku ma ƙarar ta fara kama ku tun ba ku kai talatin ba.

Da rana abin da sauƙi, hayaniyar gari tana rufe ta. Dare ne azaba. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, sai ya zama daga ni sai ita. Na ɓoye wa maiɗakina kusan wata huɗu, don ina tsoron a ce taɓin hankali ne ya fara. Da na gaya wa wani aboki, sai ya ce sammu ne, wani kuma ya ce iska. Wannan ɓoyon shi ne kuskurena na farko, shi ya jawo sauran. Mutumin da ya kasa gaya wa iyalinsa ciwonsa, da ƙarfe biyun dare salula yake gaya wa.

Na rubuta "maganin ƙarar kunne" sau ɗaya kawai. Daga ranar, duk inda na buɗe sai tallan maganin kunne. A lokacin na ɗauka Allah ne ke nuna mini hanya. Daga baya ɗan yayata da ke karatu a jami'ar nan ta Zinder ya bayyana mini cewa manhajoji irin su Facebook da TikTok suna lura da abin da mutum ya nema da abin da ya daɗe yana kallo, su ƙara turo masa irinsa, kuma mai talla yana iya biya a kai tallansa ga masu irin wannan damuwar. Ashe ba ni na gano mai maganin ba, shi ya gano ni.

Bidiyon da ya kama ni na wani mutum ne da farar rigar likita, yana Hausa mai daɗi. Ya kwatanta ciwona kamar yana kwana a ɗakina: rashin barci, saurin fushi, tsoron kurumcewa. Ya ce likitocin asibiti sun san maganin amma suna ɓoyewa don kada kasuwarsu ta mutu. Ya ce cikin kwana 14 ƙarar za ta tafi har abada, kuma saura kwalba bakwai. Sannan ya kawo hadisin nan cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Da na ji haka sai zuciyata ta kwanta. Hadisin gaskiya ne, amma a wata ruwayar akwai ƙarin cewa wanda ya san maganin ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Ba inda aka ce maganin yana cikin kwalbar duk wanda ya iya karanto hadisin. Har gobe abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, yadda ake ɗora maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan tallan abin da ba a san mene ne ba.

Na tura jika 25 ta wurin masu aika kuɗi, ga sunan da ba shi ne na mai bidiyon ba. Bayan kwana biyar aka kira ni tasha na karɓi ƙunshi. Ƙwayoyi ne a roba, ba sunan masana'anta, ba adireshi, ba ranar da za su lalace, ba bayanin abin da aka haɗa. A jikin takardar an rubuta yana maganin ƙarar kunne, basir, sanyi, ciwon suga da raunin maza. Na karanta duk wannan da idona, na kuma sha. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

A mako na biyu na ji sauƙi. Ba ƙarya nake ba, ƙarar ta ragu, na yi barci. Nan ne nake so ku tsaya ku fahimce ni, don a nan damfarar take samun gindin zama. A daidai makon injina ya lalace, ina jiran kayan gyara daga Kano, na yi kwana tara ban shiga ƙarar niƙa ba. Ga hutu, ga sa rai, ga kwanciyar hankalin wanda ya ɗauka ya samu mafita. Ita wannan ƙarar dama haka take, tana hawa tana sauka: gajiya, damuwa, rashin barci da hayaniya suna ƙara ta, hutu yana rage ta. Mutum kuma ba ya sayen magani sai a ranar da abin ya fi tsanani, saboda haka ko ruwan randa aka ba shi, akwai yiwuwar ranakun da za su biyo baya su fi sauƙi. Mai damfara ya san wannan fiye da ni da ku. A kan wannan hawa da saukar yake cin abincinsa.

Cikin wannan farin cikin ya kira ni, ya ce, "Alhaji, don Allah yi mana ɗan saƙon murya, ka taimaki bayin Allah." Na yi. Na faɗi sunana, na faɗi unguwata, na rantse cewa na warke. Da aka gyara inji na koma aiki, ƙarar ta dawo yadda take. Na kira shi, ya ce ai maganin ne ke fito da ciwon, sai na cika wata uku, kuma in haɗa da na ɗigawa. Na sake turawa. Na ɗigawar wani mai ne mai yaji, ya sa kunnen hagu ya kumbura, ya riƙa zafi har cikin muƙamuƙi, ya fara ruwa. Da na kira in yi ƙorafi, lambar ta daina shiga. Duka-duka jika 140 na zubar, kuɗin da na tara don rufin ɗaki kafin damina.

Kuɗin ba su ne suka fi yi mini ciwo ba. Wata takwas bayan haka wata dattijuwa da ke kawo niƙa tun ina yaro ta ce mini, "Ɗana, na ji muryarka a salular jikana, shi ya sa na sayar da akuyata na saya." Saƙon nan nawa yana ta yawo a rukunonin WhatsApp, ƙarƙashin wani sabon suna da wata sabuwar lamba. Na rasa abin da zan ce mata. Na biya ta kuɗin akuyar a hankali, amma ba na iya kiran muryar nan ta dawo, kuma ban san mutum nawa ta kai ta baro ba. Saboda haka in kun ji shaidar wani yana rantsuwa ya warke, ku tuna da ni. Mai yiwuwa ba haya aka ɗauko shi ba, mai yiwuwa da gaske yake a ranar da ya yi maganar. Ba wanda ya koma ya tambaye shi bayan wata biyu. Yanzu ma abin ya wuce nan, don da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar fuskar likita ko malamin da kuka sani a sa masa maganar da bai taɓa yi ba.

Kumburin ne ya kai ni babban asibiti, sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. Abu na farko da likita ya yi shi ne abin da mai bidiyo bai taɓa yi ba: ya leƙa cikin kunnena da fitila. Ya ce na yi sa'a fatar dodon kunnen ba ta huje ba, da a huje take, abin da na ɗiga zai iya shiga ciki ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ya yi maganin kumburin, aka gwada jina, aka ga na rasa jin siraran sautuka a kunnuwan biyu. Ya zana mini a takarda: can ciki akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, da ƴan ƙananan gasu kimanin 15,000 masu karɓar sauti. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. In saƙo ya ragu daga kunne, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfin saurarenta, daga nan ake jin ƙarar da ba ta waje ba. Da turanci tinitus ake ce mata, da faransanci akufen. Ba sammu ba ce, ba hauka ba ce, kuma ba ni kaɗai ba ne: wani babban nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 a duniya suna fama da ita.

Na tambaye shi maganin da zai kashe ta. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, irin taka babu ƙwayar da aka tabbatar tana kawar da ita." Na fita ina jin haushinsa. Sai daga baya na gane shi kaɗai ne a cikin wannan tafiyar ya gaya mini abin da ba na son ji, kuma shi kaɗai bai ci kuɗin rufina ba. Ko ganyen nan na ginko da ake sa wa cikin wasu ƙwayoyin da ake tallatawa, an gwada shi sau da yawa ba a ga ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, har ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta ce a jagorarta ta 2014 kada a ba da shi don wannan matsalar.

Kada ku ɗauka zuwa asibiti ba shi da amfani tunda babu ƙwaya. Wata ƙarar tana da dalilin da ake iya cirewa, kamar dattin kunne da ya toshe hanya ko ciwon kunne mai ruwa. Wata magani ne ke kawo ta. Kinin da ake ba masu zazzaɓin cizon sauro yana sa kunne ƙara, amma yawanci takan wuce bayan an gama, don haka kada mutum ya yanke maganin zazzaɓi da kansa, ya gaya wa likita. Allurar jentamisin kuwa ɓarnarta kan iya zama ta dindindin, abin da ya sa bai kamata a karɓe ta a hannun mai tallan magani a tire ba. Akwai kuma wadda ba ta jiran gobe. In jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, a tafi a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Haka in ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko a kunne ɗaya kawai take, ko tana tare da jiri mai kayar da mutum. Mai irin wannan da ya zauna wata uku yana shan ƙwayar intanet, abin da yake asara ya fi kuɗi.

Abin da ya taimake ni ba shi da tsada. Na daina kwana cikin shiru: fanka in akwai wuta, in babu ƙaramar rediyo mai batir a hankali, ƙasa da ƙarar kunnen kaɗan. Na sayi abin toshe kunne na masu aikin inji. Na gaya wa maiɗakina komai. Mafi girma kuma, na daina tsoronta, tun da na san ba kashe ni za ta yi ba. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa tana koyon watsar da sautin da ta daina ɗauka a matsayin haɗari, kamar yadda mazauna bakin titi ba sa jin kabu-kabu. Ban yarda ba a lokacin. Ya ɗauke ni fiye da shekara, amma yanzu nakan yi yini ban tuna da ita ba sai an yi maganarta. Wasu na'urar ƙara ji ce ke taimaka musu, wasu zama da masanin halayyar ɗan Adam da ke koya musu yadda za su rage damuwar.

Ina ganinku a fada kuna shan shayi, kowa da abin saurare a kunne, har na kusa da shi yana jin kiɗan. Ina ganinku a gidan biki kun jingina da lasifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Ma'aunin da na riƙe mai sauƙi ne: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, wurin yana cin kunnenka. In ka tashi daga biki kunnenka yana ƙara, ko da ta wuce da safe, irin gargaɗin da na yi shekaru ina samu ke nan ban saurara ba.

In baba ko inna suka miƙo maka salula suka ce ka tura kuɗin maganin kunne, kada ka yi musu dariya, kada kuma ka tura don biyayya. Ka ce, "Baba, bari mu je a leƙa kunnen tukuna." Ka nuna wa mai farmasi hoton kwalbar. Ka tambayi mai tallan inda shagonsa yake da abin da ke cikin maganin, ka ji yadda zai amsa. In kuma an riga an cuce su, kada ka ƙara musu kunya, don kunya ce ke sa mutum ya sake tura kuɗi a ɓoye.

Yaran nan biyu da ke aiki a injina yanzu ba sa tayar da shi sai sun toshe kunnuwansu. Da farko ƙaramin yana cirewa in na juya baya, yana cewa zafi yake ji. Na zaunar da shi na kunna masa saƙon muryar nan nawa, wanda har yanzu yake cikin salulata, sannan na ba shi labarin akuyar dattijuwa. Makon jiya nasa ya ɓace, ya zo da sassafe ya same ni a gida ya ce ba zai tayar da inji ba sai na ba shi wani.