Laraba, ni da domen ɗin ƙanena

Aikin da na tsara yau ko rabi ban yi ba saboda ƙanena. Tun da safe yake ta kira, wai Yaya shafina ya ɓace a Google, kuma shi har ya gano mai laifi, wai tun da ya kunna tsarin nan na ɓoye sunan mai domen (wato adireshin shafi a intanet) komai ya lalace, don wani ya ce masa Google ba ta yarda da duk wanda ya ɓoye kansa ba.

Na ce masa in haka ne ai da shafukan duniya sun ƙare. Tun watan Mayun 2018 da dokar GDPR ta Turai mai kare bayanan mutane ta fara aiki yawancin kamfanonin rajistar domen suka rufe suna da lambar waya da adireshi a WHOIS, wurin da ake duba bayanan mai domen, in ka duba sai dai ka ga sunan kamfanin da ranar rajista da ranar ƙarewa. WHOIS ɗin ma ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, ta maye gurbinsa da sabon tsari mai suna RDAP a Janairun 2025. Kuma John Mueller na Google ya taɓa faɗa cewa ɓoye bayanan ba ya taɓa matsayin shafi a sakamakon bincike. Yaron nan dai bai yarda ba, shi fa abin da ya ji a waje ya fi nawa.

Da yamma ya kawo kwamfutarsa muka zauna. Na tambaye shi sabo ya yi rajista ko saye ya yi, sai ya fara sosa ƙeya. Ashe tsohon domen ne da wa'adinsa ya ƙare, mai sayarwa ya ce masa yana da tarihi zai hau sama da wuri. Muka sa shi a Wayback Machine, mai ajiye tsofaffin kwafin shafuka, wallahi sai ga shafin caca, baki ja rubutu rawaya, hoton kati ko ta ina. Shi kuma gogan naka ya zo ya cika shi da rubutun da ya kwaso daga wasu wurare, ko waƙafi bai canza ba. A Search Console, inda Google ke sanar da mai shafi halin da shafinsa ke ciki, saƙon hukunci na nan zaune bai taɓa buɗewa ba! Tun Maris 2024 Google ta sa irin wannan, sayen mataccen domen don cin gajiyar tsohon sunansa da rubutu mara amfani, cikin abubuwan da take hukuntawa.

Har ya ce to bari ya cire ɓoyewar ya sa sunan ƙarya, na ce kul. Kamfanin rajista dole ka ba shi bayanan gaskiya, in suka turo saƙon tantancewa ka yi shiru kwana 15 suna iya dakatar da domen ɗin. Ɓoyewar ma ita ke rage masa saƙonnin 'yan damfara, na ce ya bar ta yadda take.

Gobe zai fara goge na kwashe-kwashen, in ya gama mu tura wa Google roƙon sake dubawa. Ni dai da sabon domen ya saya ya huta, amma ya ce sunan yake so.