Godiya Bayan Zagayen Cocin Holy Cross a Legas

Mu da muka shirya zagayen tarihi na tsibirin Legas muna miƙa godiya ga Fada da dattawan cocin Holy Cross da suka buɗe mana ƙofa. Allah Ya saka da alheri.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: Ingila ta karɓe Legas a 1861, ba da jimawa ba Fada Francesco Borghero na ƙungiyar SMA, ta 'yan mishan Katolika masu aiki a Afirka, ya iso, ya tarar da Katolika a garin tun kafin a yi coci. Su ne Aguda, 'yantattun bayi da suka dawo daga Birazil da sana'ar gini a hannu. An gama cocin farko a 1881, wanda ke tsaye yanzu kuwa an aza harsashinsa a 1934, zamanin Bishop Francis O'Rourke. Magina daga cikin Aguda suka yi aikin cocin farko, kuma wani daga cikin Aguda, João Baptista da Costa, shi ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Godiya ta musamman ga tsofaffin magina da suka zauna da matasanmu. Sun ce babban maƙiyin tsohon gini a bakin teku shi ne gishiri. Danshi na hawowa da shi daga ƙasa cikin bulo. In aka shafe bangon da siminti ko fentin mai, ruwan ba ya samun mafita, sai gishirin ya daskare a ciki ya rududduge bulon. Gyaran shi ne a fara da indararo da magudana, a ɓamɓare simintin da hannu, a bar bango ya sha iska. Sannan a kwaɓa farar ƙasa awo 1 da yashi awo 3, yashin a wanke shi, kada a ɗebo na bakin teku. A jiƙa bangon, a shafa siriri kamar santimita 1, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, sai ya kama a ƙara wani. In ya bushe da gaggawa, tsagewa zai yi. Rodin da ya yi tsatsa kuma kumbura yake yi ya fasa abin da ke kewaye da shi.

Wannan sani muke tsoron ya tafi tare da masu shi, don mun ga yadda aka rushe Ilojo Bar, wani tsohon gini irin na Aguda a tsibirin, a 2016. Duk mai tsohon hoton unguwar Popo Aguda, inda Aguda suka zauna a tsibirin, don Allah ya taimaka mana da kwafi.