Guraben tallafi 11.7, yara 35

Shekara shida ke nan ina koyar da lissafi a ɗakin karatun 'yan wasa na wata jami'a a kudancin ƙasar Amurka, kuma yaran besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, su suka fi shiga raina. Mutane na ganin su a talabijin cikin watan Yuni, lokacin da ƙungiyoyi takwas ke haɗuwa a birnin Omaha, inda ake buga gasar ƙarshe tun 1950, sai a ɗauka duk 'yan gata ne. Ina!

Tsawon shekaru, NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, guraben tallafin karatu 11.7 kacal ta yarje wa kowace ƙungiyar besbol ta rukunin farko, alhali 'yan wasa 35 ne. Sai koci ya zauna yana yanka tallafin gunduwa-gunduwa: wannan rabi, wancan rubu'i, wasu kuwa ko sisi. A lokacin, ƙwallon ƙafar Amurka a manyan jami'o'i gurabe 85 gare ta, kowanne cikakke. Abin da ya rage wa ɗan besbol, iyaye ke biya, ko ya ci bashi.

Akwai wani ɗalibina mai jifa da hannun hagu, rubu'i yake samu. Da rani yana aikin gini, da kakar wasa kuma a cikin bas yake yin aikin gida, littafi a cinya, fitilar waya a hannu. Ka duba fa, wasa har 56 ake iya bugawa daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu: Juma'a, Asabar, Lahadi, sau da yawa har da Talata. Kusan duk zangon karatu na biyu ke nan. Na sha zama da shi ranar Litinin muna cike laccar da ta wuce shi, idanunsa jawur.

Hukumar tana da ma'aunin karatu da ake kira APR. Kowane zango, ɗan wasa yana samo wa ƙungiya maki ɗaya in ya ci darussansa yadda ya cancanci wasa, ɗaya kuma in bai bar makarantar ba. Ƙungiyar da ta gaza 930 cikin 1000 ana iya hana ta shiga gasar ƙarshen kaka. Na yarda ya sa kociyoyi sun fara tambayar sakamakon jarrabawa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, a makarantu irin tamu masu tallafi kawai ake ƙirgawa. Yaron da ke biyan komai da kansa, wanda ya fi kowa haɗarin barin karatu, ba ya cikin lissafin.

A 2025 kotu ta amince da wani sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda ya kawar da iyakar 11.7 ga jami'o'in da suka shiga tsarin: 'yan wasa 34, kuma kowa na iya samun cikakken tallafi. Na yi murna, amma izini daban, kuɗi daban. Jami'o'i irin su LSU, da suka ɗauki kofi a 2023 da 2025, suna da 'yan kallo da masu gudummawa. Jami'ar Furman kuwa ta rufe ƙungiyarta a 2020, haka Jami'ar Wisconsin tun 1991. Ƙungiyarmu ba ta mayar da kuɗin da ake kashe mata, kuma har yau rabon gunduwa ake yi.

Ɗalibin nan nawa ƙungiyoyin ƙwararru ba su ɗauke shi ba. Ya kammala digirinsa bara, yana biyan bashi wata-wata, kuma ranar Laraba da yamma yana zuwa taya ni koya wa 'yan aji ɗaya aljabara.