Daƙiƙa biyu da rabi

Yau a aji muna kan nisan da direba ke buƙata ya hango abu a gabansa har ya iya tsayawa. Na rubuta a allo cewa masu zana hanya suna ware wa direba daƙiƙa 2.5 tsakanin ganin haɗari da taka birki, kuma mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 70 a ɗan lokacin nan. Kowa ya kwafa, ba wanda ya ɗago kai. Sai na ce su ajiye biro mu fita fili da tef ɗin awo. Muka ja mita 70, wata ɗaliba ta tsaya can ƙarshe, sai da ta ɗaga murya kafin mu ji ta: "Malam, duk wannan fa ƙafarsa ba ta ma kai kan birki ba?" Na ce ƙwarai kuwa, kafin motar ta tsaya cak, gaba ɗaya mita 185 ake lissafawa.

Kowa ya yi tsit. Wallahi jikina ya yi sanyi, don shekara da shekaru ina koyar da lambobin nan kamar hadda. Yaran nan ne gobe za su tsara lanƙwasar kwana da saran tudu don abin da ke bayansa ya ganu. Har na iso gida ina ganin yarinyar nan tsaye a ƙarshen tef, ina tunanin a kan titi ma mutum ne ke tsayawa a wurin.