Bayan Dila Ya Faɗi

Dilan farko da na kashe da hannuna, a bayan garken gwaggona ne, a ƙauyenmu da ke ƙasar Taura, ba nisa da fadamar kogin Haɗeja. Ina ɗan shekara 19 a lokacin. An gama sussuka, hunturu ya fara busawa, kuma cikin mako biyu an ɗauke wa tsohuwar nan 'yan awaki huɗu, su ne kuwa jarinta. Na kwana biyu a gindin wata aduwa da bindigar adaka ta Baffa ban ga komai ba. A dare na uku farin wata ya taimake ni.

Ina ganin ya faɗi na ɗauka aiki ya ƙare. Na kama ƙafafunsa na baya na jawo shi cikin yashi har ƙofar gida. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya fi shekara 40 yana shiga daji, ya fito da fitila ya haska. Bai yaba ba, bai kushe ba, sai ya ce, "Da za ka harba, ka yi bisimilla?" Na ce wallahi ban tuna ba. Ya ce, "Da ka isa kansa, da sauran rai?" Na ce yana shure-shure. "Ka yanka?" Na ce, "Baffa, ai dila ne, wa zai ci?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka mayar da shi mushe da hannunka, ka kuma ja shi a ƙasa ka goge masa gashin baya. Je ka kwanta."

Maganar ta tsaya mini a rai. Bayan sallar asuba na jira limaminmu ya gama lazimi, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, don me za a yanka abin da ba a ci?" Ya ce yanka ba don nama kaɗai ake yinsa ba. Ya tuna mini da abin da muka karanta a Risala a zaurensa: hani ya zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan cin duk naman daji mai fiƙa da ke farauta da ita. Malamanmu na Malikiyya da yawa sun ɗauki hanin a matsayin makaruhi, wasu kuma suka ce haramun ne. Amma fatar irin waɗannan dabbobi, in an yanka su, babu laifi a yi salla a kanta, babu laifi a sayar. Fatar mushe kuwa, ko an jeme ta, amfani kawai za a yi da ita, ba a salla a kai, ba a kai ta kasuwa. Ashe abin da ya raba fata mai tsarki da wadda ba ta da shi, wuƙa ce da ke rataye a ƙuguna daren nan, ban zare ta ba.

Duk da haka na ce bari in feɗe shi in koyi hannu. Na huda fatar wuri biyar, na bar mata kitse da tsoka a gefen ciki. Sannan na tuna na taɓa bin wani ɗan'uwa Kano, na ga majema a wajen Ƙofar Wambai suna tsoma fatu cikin ruwan toka. Sai na kwaɓa toka a tsohuwar randa na danna fatar ciki kwana biyu. Da na ciro ta, gashin ya biyo yatsuna kamar tsumma. Baffa ya ce ai aikin toka ke nan. Majemi yana tsoma fatar akuya a toka ne don gashin ya saki ya tuje shi, domin baduku fata sumul yake so ya rina ya ɗinka. Ita kuwa fatar dila, gashinta ne darajarta. Na ga rabin aiki a hannun masu shi, na zo na yi shi a inda bai dace ba.

Sai da hunturu ya zagayo sannan na sake samun wani, wannan karon ina tare da Baffa, kuma an yanka. Ya ɗauke shi a kafaɗa, bai bari ya taɓa ƙasa ba. Kafin ya ba ni wuƙa sai da ya kama hannuwana ya juya su ciki da baya yana neman ko ƙaya ta yanke ni. Ya ce mai ciwo a hannu ba ya fiɗar dila ko yanyawa, saboda suna ɗaukar ciwon haukan kare, ciwon kuma a yawu da ƙwaƙwalwa yake zama. Daga baya wani ma'aikacin lafiyar dabbobi ya tabbatar mini da haka, ya ƙara da cewa wanda aka ciza ko yawun ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara yi masa allura, don in alamun ciwon suka bayyana, sai dai wani ikon Allah. Tun daga nan, dilan da ya shigo gari da rana tsaka, ba ya gudun mutane, yana dalalar da yawu, ba na sa masa wuƙa. Rami nake haƙa masa.

Muka rataye shi a reshen kanya ta ƙafafun baya. Tsaga ɗaya daga haɓa zuwa gindin wutsiya, sai huɗu ta cikin ƙafafu. Daga nan Baffa ya ce in ajiye wuƙar. "Wuƙa kaɗan, hannu da yawa." Da dunƙulen hannu ake tura fata tana rabuwa da tsoka, kamar yadda mahauta ke yi wa rago, kuma tun jikin da ɗumi ake yi, in ya sandare sai ta kama. Inda ake komawa ga wuƙa shi ne gindin kunnuwa, gefen ido da leɓe, a nan kuwa gaggawa ba ta da amfani. Wutsiya ya matse ta tsakanin tsagaggen kara ya zare ƙashin cikinta sumul. Ya ce duk wanda ya bar ƙashin nan, kwana uku wutsiyar za ta ruɓe ta guntule.

A gida ya kifa turmi, ya shimfiɗa fatar a bayansa, gashi na ƙasa, ya ba ni wata dakusasshiyar wuƙa. Kankarar nan ta fi komai cin rai. Na fi awa biyu ina bi a hankali, ina ɗebe kitse da wata 'yar siririyar fata mai yauƙi da ke manne a ciki, duk inda na ce ya yi sai ya sa farce ya ɗago wani. Kitsen da aka bari shi ne yake narkewa ya ƙona fata, ta yi baƙi ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Da ta yi fari tas muka goga mata gishiri har gefe-gefe, muka miƙe ta da tsinkaye a jikin asabari, muka rataye a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Ba a shanya ta a rana, ba a ajiye ta a ƙasa. Rana na gasa ta, gara na bin ta, kare kuma ba ya ƙyale ta. Shi ya sa fatar hunturu ta fi, iska busasshiya ce, ƙuda ba su da yawa. Ta damina kafin ka ankara ta yi tsutsa.

Bayan ta bushe aka zo jima. Yara suka roro mana bagaruwa, aka daka, aka fitar da ƙwallayen, aka jiƙa garin da ruwan ɗumi a kwatarniya. Na ɗauko bokitin ƙarfe, Baffa ya ce in mayar, domin bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe baƙi take yi, da irin wannan haɗin ne ma dukawa ke yin kulokon da suke zane da shi. Muka fara jiƙa fatar a ruwa ta yi laushi gishirin ya fita, sannan ta shiga ruwan bagaruwa. Safe da yamma ina juya ta ina matsawa, aka sake mata sabon ruwa sau ɗaya. A rana ta biyar ya yanki ɗan ƙyalle a wuya, inda ta fi kauri, ya nuna mini. In tsakiyar da sauran fari, ba ta jemu ba. Tamu ta yi ja har ciki. Aka ɗauraye, aka bar ta ta sha iska, tun da sauran danshi na shafa mata man gyaɗa, na yi ta murza ta ina jan ta a jikin turke har ta koma kamar zane. Bagaruwar ta ɗan rina farin gashin cikin, wannan ba makawa.

Naman kuwa, a gidanmu bai taɓa shiga tukunya ba. Inna ta ce ko wuƙar da aka feɗe shi kada ta gan ta a madafi. Na san tsofaffin mafarauta da 'yan tauri da suke ci a daji, wasu don sun riƙi fatawar makaruhi, wasu don sun yarda yana ƙara taurin zuciya. Ban zarge su ba, amma ni ban ga dalili ba, ga zomo ga zabo. Abin da muke yi shi ne mu dafa shi a tsohuwar garwa can bayan gari har ya rabu da ƙashi, a kwaɓa da dusa a ba karnuka. Ɗanye ba ma ba su, galibinsu ma shinshinawa suke yi su kau da kai. Kai da kayan ciki a rami suke ƙarewa, mai zurfin da kare ba zai tona ba, a jibga ƙaya a sama.

Kura daban ce. Sau ɗaya na ga an kawo ta garinmu, aka ajiye a ƙofar Sarkin Dawa, kafin hantsi wurin ya cika. Ba wanda ya zo don nama. Wani fatar goshi yake so a ɗinka masa laya don kwarjini, wani farce, wani kitse don ciwon gwiwa, mata kuma gashi suke roƙo a turara wa yaro mai firgita ko wanda ya daɗe bai yi tafiya ba. "Ranka ya daɗe, ko ɗan tsinke ɗaya ne," haka wata ta riƙa cewa, da goyo a bayanta. Kafin azahar babu abin da ya rage na fatar da ya kai tafin hannu. Yaron nan na goye ya kusa shekara biyu bai taka ba, aka yi ta turare, ashe tamowa ce ke cinsa. Sai da aka kai shi asibiti aka ɗora shi a kan abinci sannan ya miƙe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin watannin da aka ɓata a kan gashin kura, a jikin yaron aka ɓata su.

Wannan buƙatar ce ta sa fatar namun daji ba a cika sayar da ita sukutum ba, gutsi-gutsi ake yi da ita a tabarmar masu magani. A wata kasuwar ƙauye na taɓa ganin mutum yana sayar da guntun fata yana rantsuwa ta kura ce. Na ɗauka na shafa, fatar kare ce aka ɗiga mata baƙi. Wani dillali ya taɓa cewa in riƙa kawo masa ta dila shi ya san sunan da zai sa mata. Na ce masa ya nemi wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, a nan kuwa mai shan bugun ita ce uwar da ta sayar da kazarta ta saya.

Dajin ma ba na da ba ne. Kakana yana da warkin fatar damisa, ni ko sawunta ban taɓa gani ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar fadama ta sauya, gonaki suka yi ta cin kurmi, zaki kuwa a duk Nijeriya sai ɗan abin da ya rage a Yankari da Kainji. Baturiya da Falgore gandun gwamnati ne, ba wurin shiga da bindiga ba. An kafa dokar namun daji ta Jihar Arewa a 1963, aka kafa ta tarayya a 1985 aka yi mata gyara a 2016, wanda aka kama da fatar damisa ko ta zaki ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa. Ni yanzu ba na fita neman mai fiƙa don fatarsa. Sai wanda ya saba da garke, mai dabba ya kawo kuka, Sarkin Dawa ya ce a je.

Abin da ba na yafewa shi ne guba. Wata shekara wani mai garke ya gaji da ɓarna, ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a mushen akuya ya ajiye a bakin fadama. Dila biyu suka mutu. Ungulu suka sauka, muka tarar da su zube kamar an shanya wanki. Karyata da na raina tun tana jaririya ta lasa, ta dawo gida tana kumfa, ta mutu a ƙafata kafin magariba. Mutumin ya aiko a ce in ina son fatun in je in feɗe. Mushe ne, naman ba ya ba kare, fatar ba ta sayuwa, mai fiɗar ma yana iya kwasar dafin a hannu. Ni da yarana muka haƙa rami ɗaya muka zuba su duka, muka ƙona kara a kai.

Fatar nan ta biyu tana nan. Na kai ta kasuwar Gujungu ran wata Lahadi, wani baduku ya toshe hudar harsashin da ke kafaɗa, ya bi gefenta da jar fata. Na kawo wa Baffa, ya riƙa ɗora ta a kan buzunsa a zaure yana zama a kai har Allah ya karɓi abinsa. Tsakiyarta ta yi sanƙo inda yake zama. Duk farkon damina nakan fito da ita in kakkaɓe, in bar ta ta sha iska a inuwa, in naɗe ta da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, in mayar cikin adaka.