Tagar nan ta Tomar har yanzu tana cikin raina

Duk mai niyyar zuwa Convento de Cristo, tsohon gidan ibadar Kirista da ke garin Tomar na Fotugal, don Allah kar ya ƙarar da lokacinsa a cocin nan mai zagaye da suke ce wa Charola. Yana da kyau kam, 'yan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, ne suka gina shi bayan shugabansu Gualdim Pais ya kafa ganuwar a 1160, nan ne ma rundunar Yakubu al-Mansur, sarkin daular Musulmi ta Muwahhidun, ta yi musu ƙawanya a 1190 ba ta ci wurin ba. Wannan duk mai zagayawa da ku zai faɗa.

Ni taga ce ta girgiza ni wallahi. Tana bangon yamma, ta saman farfajiyar Santa Barbara ake ganinta sosai, aikin zamanin Sarki Manuel wajajen 1510, dutse ne zalla amma an sassaƙa shi ya zama igiyoyin jirgin ruwa da ƙulli da saiwar itace, can sama kuma ga gicciyen ƙungiyar Kristi, irin wanda ke jikin filafilan jiragen Fotugal da suka sauko gaɓar Afirka ta Yamma. Ashe da Paparoma ya rushe Templar a 1312 dukiyarsu ba ta watse a Fotugal ba, Sarki Dinis ne ya sa aka kafa sabuwar ƙungiya, wato ƙungiyar Kristi ɗin nan, a 1319 ta gaji komai, daga 1420 kuma Yarima Henrique mai tura jirage ne ke juya ta. Shi ɗin dai da aka sauke bayi 235 a garin Lagos na Fotugal a 1444 yana kan doki ya karɓi kasonsa.

Mai zagayawa da mu ya yi ta yabon sassaƙa, ko kalma ɗaya kan bayi bai ce ba, abin ya ɓata min rai ƙwarai, sauran farfajiyoyin ma wucewa kawai na yi, hankalina na kan tagar.

Daga Lisbon jirgin ƙasa wajen awa 2 ne, ka kama na safe, ka sa takalmi mai kyau don hawan tudu ne. Ka karanta tarihin Henrique tun daga gida, ka fara da tagar kafin jama'a su cika, kuma ka tambayi mai zagayawar ina jiragen nan masu gicciye suka dosa, me suka ɗauko. Ka sa shi ya amsa a gaban kowa.